Ƙullin Zoben Inna

A asibiti aka yanke zoben Inna. Faɗuwa ta yi a banɗaki, hannunta na dama ya kumbura har yatsan da zoben yake ya fara yin baƙi. Nas ɗin ba ta tsaya neman shawarar kowa ba, ta datse shi ta baya, ta buɗe shi, ta jefa a 'yar leda ta miƙa wa Yaya, babban ɗan gidan. Ba wanda ya ga laifinta, don da ta yi jinkiri da yatsan za a rasa.

Kumburi ya saɓe, aka sallamo su, sai Inna ta daina cin abinci.

A shekarun nan mantuwa ta riga ta ci ƙarfinta. Baba, mijinta tun suna yara, ya koma "bawan Allah" a bakinta, wani lokaci har ta tambaya wa ya ba shi izinin shigowa. Auta kuwa, 'yarta ta ƙarshe, ta zama "yarinyar nan". Abu ɗaya ne mantuwar ba ta taɓa ba, zoben azurfar nan mai ɗan dutse shuɗi-shuɗi, wanda Baba ya ƙera mata da hannunsa. Ko tana zaune ko tana kwance, babban yatsanta na can yana murza shi. Yanzu in aka ajiye mata tire, sai ta miƙa hannu, idonta ya faɗa kan yatsan da ba komai, ta janye hannun ta ɓoye a cikin zane.

"Sai an dawo min da abina," in ji ta, ba faɗa ba hayaniya. An yi lallashi, an roƙa, Yaya ma har ya gwada tsawa. Ɗan ruwan shayi kawai take kurɓa, shi ma don a ƙyale ta. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, sai dai a kwantar da ita a zura mata roba ta hanci. Auta ta ga yadda Inna ta yi a kwanciyar farko, yadda ta riƙa fizge allura tana kiran uwarta da ta daɗe a ƙasa. Ta karɓi ledar daga hannun Yaya ta ce ba za a mayar da Inna can ba.

Auta ce ta gaji Baba a sana'a. Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tabarau, teburi ɗaya mai yankakken ciki, da fatar da ake shimfiɗawa a cinya don tare garin ƙarfe. Magagarai da hantsakan Baba na nan a jere yadda ya bar su ranar da hannunsa ya fara rawa idonsa ya fara hazo. Sabon abu guda ne a ciki, injin waldar lesa da Auta ta kawo. Akwati ne fari mai ƙofofi biyu da ake zura hannu, da madubi a sama da ake kafa ido, da feda a ƙasa. In ta taka fedar sai a ji tas, wani siririn haske ya narkar da wurin da bai fi kan allura ba, sauran ƙarfen kuwa ko ɗumi bai yi ba.

Baba bai taɓa yafe wa injin nan ba. Ranar da ya fara ganinsa ya zagaya shi ya ce, "Walda ba wuta, ba hayaƙi, ba ƙuna? Wannan ai ɗinki ne. Da kin gaya min tela za ki zama, da ban wahalar da kaina ba." Amma yau shi da kansa ya biyo ta, ya zauna a kan kujerar baƙi, sanda tsakanin gwiwoyi, don ya san wutarsa ba ta da abin yi a nan. Azurfa ba ta riƙe zafi wuri guda, kana hura bayan zobe zafin ya zagayo gaba, dutsen nan kuma ba ya shiri da wuta, ko ya tsage ko ya yi fari. Cire shi ma ba zai yiwu ba, don bakin da ya riƙe shi ya siɗe saboda daɗewa, in aka buɗe ba zai sake rufuwa ba.

Aikin ba haɗa baki biyu kawai ba ne. Gaɓar yatsan Inna ta ƙara kauri bayan faɗuwar, dole a ƙara wa zoben faɗi. Auta ta sa shi a ƙarƙashin madubi tana juyawa, sai ta ci karo da wani ƙulli dab da inda nas ta datse, tudu kamar rabin ƙwayar shinkafa, launinsa ya ɗan yi duhu.

"Baba, mene ne wannan a baya?"

Ya karɓa ya shafa, ya yi tsaki. "Abin kunyata ne. Zoben farko da na haɗa ke nan ba tare da maigidana yana tsaye a kaina ba. Hannu ya yi rawa, na zuba ƙarfen liƙi ya yi yawa. Sau nawa na ce ta ba ni in goge, ta ce ba ta da lokacin cirewa. Yanke shi ki yar."

Ko bai faɗa ba da ta yanke. Tsohon liƙi ba ya jituwa da lesa, da haske ya taɓa shi sai ya yi tartsatsi ya bar rami. Ban da haka, maƙera, Allah ya shirye su, in suka ga tudu a jikin ƙarfe hannunsu ƙaiƙayi yake yi har sai sun ga bayansa. Ta sa magagari ta cinye ƙullin tas, garinsa ya zube cikin na sauran ayyuka a kan fata. Uba da 'ya suka dubi juna da jin daɗi.

Ta yanko guntuwar azurfa daidai kaurin zoben. Ta goge bakunan suka karkata, yadda in an haɗa su za su bar ɗan kwari da za a cike tun daga ƙasa, don waldar da ta tsaya a sama kawai ba ta jure wanke-wanke. Sannan ta ɗauko baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ta shafe wurin, saboda azurfa madubi ce, haske na sauka a kanta sai ya yi tsalle ya tafi, amma in ta yi baƙi sai ta sha shi. Ta riƙe zoben da yatsunta tsirara, ta sa ɗigon walda a gefe da gefe don kada ya goce, ta kawo waya siririya kamar gashi ta fara cikewa. Tas, tas, tas, kowane ɗigo yana hawa rabin na bayansa. Da ta gama ta goge, ta wanke, ta sa shi ya yi ƙyalli. Baba ya kai shi dab da ido, ya juya, ya sake juyawa, ya kasa gano inda aka haɗa.

"To," ya ce da ƙyar, "telan ta iya ɗinki."

A wurin Baba wannan kirari ne. Suka taho gida tare, Auta kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Inna na zaune a bakin gado, tire a gabanta, abincin rana ya fara hucewa. Auta ta durƙusa ta zura mata zoben. Ya wuce gaɓar lafiya lau, ya zauna daram. Inna ta dubi dutsen, fuskarta ta fara washewa. Babban yatsan ya tashi ya murza zoben ya zagayo, ya sake zagayowa, ya kuma zagayowa da sauri. Sai fuskar ta rufe. Ta zare shi a hankali ta ajiye a gefen tiren.

"Mai kyau ne. Ku mayar wa mai shi."

"Naki ne, Inna. Dubi dutsen."

"Yarinyar nan, ni ba ɓarauniya ba ce." Ta ture tiren da bayan hannu ta juya wa bango.

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Haushi ya kama ta, na tsohuwar, na kanta, na duniya baki ɗaya. Aikin da ba ta taɓa yin mai kyansa ba, a ce wai na wani ne! Yaya, da yake tsaye a bakin ƙofa, ya laluba aljihu ya fito da makullin mota. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi, kuma shi in ya tsorata sai ya fara ba da umarni.

"Shi ke nan, an gwada. Ki haɗa mata kaya. Kina gani ko tsayuwa ba ta iya yi, ba zan zauna ina kallo saboda zobe ba."

Auta ta jiƙa tsumma ta kamo hannun Inna tana goge mata, don dai ta sami abin yi kada ta fashe da kuka a gabansu. A nan ta ji abin. A cikin babban yatsan Inna, ɗan gefe kaɗan, akwai wata 'yar kanta mai tauri, irin wadda alƙalami ke bari a hannun mai yawan rubutu. Ta saki hannun ta zuba masa ido. Yatsan ya koma inda zoben yake a da, amma ba shafa yake yi ba. Wuri guda yake zuwa, ya ɗan ƙyafta sama kamar mai neman abin da zai kama, ya rasa, ya sake.

Inna ba da ido ta san zobenta ba. Da ƙullin nan ta san shi, su kuma gwanaye biyu sun taru sun mayar da shi gari.

"Yaya, ka ba ni zuwa yamma."

"Auta..."

"Zuwa yamma na ce. In ba ta ci ba, ni da kaina zan riƙo ta zuwa mota." Ta juya wurin Baba. "Tashi mu koma shago. Ƙullin za mu mayar."

Baba ya dube ta kamar ta zage shi. "Wato in bi ki in koya miki yadda ake ɓata aiki?"

"E, Baba. Kai kaɗai ka san yadda ka ɓata shi."

Ya dubi bayan matarsa, kafaɗun nan da suka rame suka bar riga tana lilo. Ya jawo sandarsa.

Mai gyaran agogo ya ga sun dawo ya leƙo. Da ya ji abin da za su yi sai ya kama ciki. "Duk garin nan ana kawo muku a cire tabo, ku kuma kun rufe shago kuna dasa shi? In kun gama ku zo ku koya min, ni ma in riƙa sa agogo yana latti." Auta ta tura ƙofa da ƙafa.

Yin ƙulli da gangan ya fi share shi wuya nesa ba kusa ba. Hannunta ya saba da miƙe abu, duk ɗigon da ta ajiye sai ya fito a tsare, zagayayye, kyakkyawa, ba ruwansa da kuskure. Ta tara ɗigo a kan ɗigo har ya yi tudu ta miƙa wa Baba. Ya rufe ido, don idon ba ya taimakonsa da komai, ya bar babban yatsa ya yi kallon.

"Ya yi tsini. Nawa a kwance yake."

Ta goge ta sake.

"Wannan a tsakiya kika sa. Nawa ya zame gefe, wajen da zoben ya karkata a kan gawayi."

Ta cinye shi da magagari ta koma gefe. Gumi ya fara sauko mata ta bayan kunne. Wajen gaggawa ta manta ba ta sake shafa maka ba, ta taka feda hasken ya yi tsalle bai yi komai ba. Ta ɗauka ƙarfi ne ya yi kaɗan ta ƙara. Da ta tuna ta shafa baƙin, ba ta tuna ta rage ba. Tas! A cikin madubi ta ga rami ya buɗe baki a bayan zoben, inda azurfar ta fi sirantaka, saura ƙiris ya ɓula.

Ta ɗaga kai daga madubin. Daga kujerarsa Baba bai ga komai ba, amma ya ji ƙarar ta bambanta.

"Ya ɓula?"

"Saura kaɗan."

"To ai bai ɓula ba. Sha ruwa."

Ta sha. Ta goge tafinta a jikin riga, ta rage ƙarfin injin, ta cije leɓe ta koma. Ta cike ramin daga ƙasa, ɗigo-ɗigo, ba ta yarda ta yi sauri ba duk da tana jin rana na sauka a bayanta ta tagar shagon. Waya ta yi ƙara a aljihunta, ta san Yaya ne, ta bar ta ta gaji ta yi shiru. Da wurin ya koma daidai ta sake ɗora tudun, a gefe, a kwance. Wannan karon ba ta kai shi injin gogewa ba. Ƙullin asali hannu ne ya lallashe shi shekara da shekaru, don haka ta yanko gefen tsohuwar fatar Baba ta riƙa murzawa har kaifin ya mutu.

Baba ya daɗe yana shafawa. "Ya yi kama," in ji shi. "Girman ke nan, wurin ke nan." Ya sake shafawa. "Amma gaskiya, Auta, rabon da in riƙe hannunta har in ji shi sosai, an daɗe. Tun da ta fara ce min bawan Allah ba ta bari."

Bai taɓa faɗin wannan ba. Tausayinsa ya kama ta, ta karɓi zoben don kada ta dube shi. Ta zura a nata yatsan ta rufe ido, ta matse shi da ɗaya tafin. Sai ta tuna bakin titi, tana ƙarama, motoci na wucewa, Inna ta damƙe mata hannu. Kullum in suka tsallaka sai ta duba tafinta ta ga ɗan jan layi. Abin yana karce ta. Tudu mai santsi ta ko'ina ba ya karce yaro, kuma ba ya sa yatsa ya ƙyafta sama yana neman abin kamawa.

"Baba, yana da baki. Gefe ɗaya a kwance yake, ɗaya gefen kuma a tsaye, kamar matakala."

Ya ɗaga kai. "Inda liƙin ya daskare kafin ya gama gudu," ya ce a hankali. "Ta wajen farce. Wallahi haka ne."

Ta shafa maka, ta ajiye ɗan ƙaramin ɗigo a gefen da ke kallon farce, ta ɗauki mafi sirantar magagaran Baba ta tsayar da bakin, ta bi shi da fata kaɗan kawai. Duk abin da ta koya a sana'ar nan yana ce mata ta ƙara gogewa. Ta ajiye fatar ta zauna a kan hannunta.

Sun tarar da Yaya ya riga ya fito da jaka ya ajiye a falo. Ya dubi Auta, ya dubi agogo, ya kauce musu daga ƙofa. Inna na kwance yadda suka bar ta. An kawo wani tiren, shi ma ba a taɓa ba. Auta ta tallafe ta ta zaunar, ta kamo hannun. Wannan karon ba ta ce naki ne ba, ta zura kawai ta ja da baya.

Inna ko kallon dutsen ba ta yi ba. Babban yatsan ya tashi a gajiye, ya murza, zoben ya juyo. Ya tsaya. Ya ƙyafta sama, ya kama. Ya sake ƙyaftawa.

Inna ta sauke wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka. Ta ɗaga kai tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta wuce Yaya, ta wuce Auta, ta tsaya a kan tsohon da ke dogare da sanda a bakin ƙofa.

"Maƙeri."

Sandar ta kusa kuɓuce masa. Sunan da take kiransa da shi ke nan tun suna sabon aure, kuma ya riga ya fid da rai da sake jinsa.

"Na'am," ya ce.

"Har yanzu ba ka gyara abin nan ba? Kullum gobe, kullum gobe."

"Ai ke kika hana."

"To na hana. Kada ka kuskura ka taɓa min." Ta matsa gefe ta buga katifa da tafi. "Zo ka zauna mana, ka tsaya a ƙofa kamar baƙo."

Ya zo ya zauna. Ta ɗora hannun a kan nasa, shi kuma ya juya tafinsa ya riƙe, yana kallon ƙasa, gemunsa na motsi. Yaya ya fita falo, aka ji yana jan jakar yana mayarwa ɗaki, yana fyace hanci da ƙarfi fiye da kima.

Inna ta jawo tiren da hannun hagu, ta taɓa kwanon ta yamutsa fuska. Ta dubi Auta, kallon da ake yi wa 'yar maƙwabta mai hankali.

"Yarinyar nan, wa ya bar abinci ya huce haka? Ɗumamo mana. Ki ƙaro cokali, ga shi ya dawo daga aiki bai ci komai ba."

Auta ta so ƙwarai a ce ita ma an kira ta da sunanta, abin ya soke ta, ba ta kuma yi ƙoƙarin ɓoye wa kanta ba. Amma ta ɗauki tiren da yatsunta da suka yi baƙi da maka, ta ce, "To, Inna," ta nufi kicin da sauri kafin tsohuwar ta canza shawara.